Zailani Dillali da Dabbar da Ba Ta da Haƙora

Idan ka shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, a Gwarzo ranar kasuwa, ka ji wata murya tana rantsuwa cewa tunkiyar nan haihuwarta ɗaya tak, alhali ga nonon tunkiyar yana neman taɓa ƙasa, to ba sai ka tambayi kowa ba, Zailani ne. Mutumin Kutama ne, gajere mai ƙaton kai, hula kullum a karkace, goro kullum a kunci. Shekarunsa hamsin da ɗoriya, kuma kusan arba'in daga ciki a tsakanin turaku ya cinye su. Ubansa dillalin dabbobi ne, shi ma ya tashi ya gaji igiya. Ya san yadda ake ba rago dusa da kanwa da sassafe, ya sha ruwa ya yi tumbi kafin masu saye su iso. Ya san ɓangaren da za a juyo da saniya don kada a ga tabon da ke cinyarta. Ƙarya dai, in a kan dabba ce, ba ta taɓa yi masa nauyi a baki ba. Limamin unguwarsu ya yi masa nasiha har ya gaji, daga ƙarshe ya koma sayen ragon layya a hannunsa.

Amma akwai abu biyu da Zailani ba ya wasa da su, kuma ba ya gajiya da sanar da mutane hakan. Na farko, idan ya ce "na sallama", to magana ta ƙare, ko da wani zai zo bayan minti ɗaya da ninkin kuɗin. Na biyu, ba ya furta wannan kalma sai ya koma wurin mai dabba, ya tsuguna, ya raɗa masa cewa an taya kaza, mai dabba ya ce a sallama. A kan wannan doka ta biyu ne ya taɓa tsayawa kai da fata sai da aka kori wani dillali mai suna Hambali daga kara har wata uku, don ya sayar da maraƙin wani mutumin Madadi alhali mai shi ya tafi cin abinci. Ranar Zailani jawabi ya yi, har da ɗaga yatsa sama. Hambali bai manta ba.

In aka zauna hira, labarin da ya fi so shi ne na cinikinsa na farko. Yana ɗan shekara sha huɗu ya ja wata akuya mai suna Kyalla daga gidansu, ya kai ta kara, ya sayar da ita a kan kuɗin da ya sa ubansa ya dafa kansa a gaban mutane ya ce yaron nan zai yi sana'a. Abin da bai cika faɗa ba shi ne, akuyar ta ƙanwarsa Badi'a ce, kakarsu ta ba ta, kuma tana makarantar allo aka fita da ita. Ta dawo ta tarar da turke wayam. Kwana biyu tana kuka, aka saya mata ɗankwali da alewa, aka ce ya isa haka nan. A lissafin Zailani wannan bai shiga karya doka ba, domin ƙanwa ai ba mai kaya ba ce, ƙanwa ce.

Badi'a ta girma ta zama malamar firamare, ta auri wani malamin sakandare a Kabo mai suna Mahbub. Mutumin kirki ne Mahbub, sai dai Allah ya jarrabe shi da shirye-shiryen neman arziki. Ya yi kiwon kifi, kifin ya mutu. Ya yi kiwon salwa, ya tashi sayar da ƙwai ya tarar kowa a garin salwa yake kiwo. A shekarun da aka yi yayin zogale, ana cewa yana maganin komai in ban da talauci, ya dasa guda arba'in a bayan gida, ya ce garin zai riƙa niƙawa yana aika wa Turawa. Don haka ya yi rajistar suna a intanet, wato adireshin da masu saye za su riƙa samunsa: zogale, ɗigo, kwam. Ko cokali ɗaya bai sayar wa Bature ba. Awakin maƙwabta suka cinye rabin itatuwan, Badi'a ta riƙa yin kwaɗo da sauran. Amma duk shekara sai ya biya kuɗin sabunta sunan nan, har shekara sha huɗu, ko a shekarar da bai ɗinka wa kansa kayan Sallah ba.

Ciwon kwana tara ya ɗauke shi. Ya bar Badi'a da 'ya'ya mata biyu, Raliya da Najwa, da babur, da gidan da suke ciki. Da yake babu ɗa namiji, yayansa Alhaji Balarabe yana da kaso a gadon. Bayan addu'ar arba'in aka zo da malamin rabon gado, aka yi wa komai kuɗi, har da injin markaɗen da ya lalace. Badi'a daga bayan labule ta ce akwai sauran abu ɗaya, wani suna da marigayi yake biya wa kuɗi a intanet. Malam ya ce a fito da shi a gani. Aka ce ba ya fitowa. Alhaji Balarabe ya yi dariya har da tari.

"Iska ke nan fa," in ji shi. "Na yafe kasona a cikinta, na bar wa yara da uwarsu. A rubuta."

Aka rubuta, ya sa hannu, shaidu ma suka sa. Gida kam bai yafe ba. Kasonsa ya kama naira miliyan uku, ya ce ko a ba shi ranar da Badi'a ta fita takaba, ko a sa gidan a kasuwa kowa ya ɗauki nasa. Ba mugu ba ne Alhajin, haƙƙinsa ne, amma yana daga cikin mutanen da ke karɓar haƙƙinsu da agogo a hannu.

Ana haka sai ga Malam Ikrima, abokin marigayi, mai shagon buga takardu da kwamfuta a Gwarzo. Shi ne yake taimaka wa Mahbub da sabunta sunan, kuma yana iya buɗe akwatin imel ɗinsa. Ya zo ya ce wata mata daga Legas, mai kamfanin haɗa ganyen shayi, ta aiko tana son sunan, ta taya naira dubu ɗari uku. Badi'a tana takaba ba ta fita, ciniki kuwa aikin yayanta Zailani ne, sai ta aika aka kira shi.

"Yaya, ka tsaya min a kan wannan," ta ce. "Amma duk abin da ake ciki a riƙa sanar da ni."

"Ke za ki koya min aikina?" in ji Zailani. Ya gyara hula ya fita.

Washegari ya shiga shagon Ikrima da sandarsa ta kora shanu, ya ce, "To, ina dabbar?"

Ikrima ya juyo masa da fuskar kwamfuta. Zailani ya sunkuya ya ƙura ido.

"Wannan ai rubutu ne."

"Shi ne kayan, Malam Zailani. Domen ake ce masa. Ka ɗauke shi kamar fili a bakin titi. Ba gini a kai, amma kowa ya san wurin, kuma babu irinsa biyu a duniya."

"Shekararsa nawa?"

"Sha huɗu."

Zailani ya waiga ya ga ba kowa, ya rage murya. "Kar ka faɗa musu. Ka ce biyu."

"A'a, a nan tsufa shi ne daraja. Kuma ba ya ɓoyuwa, duk mai so zai duba ya ga ranar da aka yi rajista."

Ran Zailani ya ɓaci. Sana'ar da ba a iya rage wa kaya shekaru, a ganinsa, ba sana'a ba ce, aikin gwamnati ne. Ya tambayi girmansa. Ikrima ya ce harafi shida ne, kuma a wannan harka gajere ya fi dogo tsada. Zailani ya ɗan miƙe tsaye ya ce ashe dai akwai masu hankali a cikinsu. Ya tambaya ko yana da tabo. Ikrima ya ce babu lamba a ciki, babu karan ɗori, kuma ba a taɓa yin damfara da shi ba. Ya tambayi jinsi, aka ce masa kwam ɗin nan da ke baya shi ne balami a cikinsu, sauran duk tumakin gida ne.

"Me yake ci?"

"Kamar dubu ashirin a shekara."

"Yana haihuwa?"

"A'a."

"Taki fa?"

"Babu."

"Allah ya jiƙan Mahbub," in ji Zailani. "Har ya koma ga Allah bai yi kiwon abin da ke haihuwa ba."

Ikrima ya ce akwai wani shafi da ke yi wa irin waɗannan sunaye kuɗi. Ya rubuta sunan, na'ura ta ɗan yi tunani, ta ce dala dubu ɗaya da ɗari biyu. Zailani ya tofar da goro a bakin ƙofa.

"Ta taɓa shi? Ta ɗaga shi ta ji nauyi? Malam, kaya ba shi da kuɗi sai abin da mai so ya taya. Matar nan mu muka neme ta? Ita ta biyo dabba har gida. Duk wanda ya biyo dabba gida ya riga ya ƙwallafa rai." Ya buga sanda a ƙasa. "Kuma ba a sayar da dabba a gida. Suna da kasuwa?"

Ikrima ya ce suna da ita. Zailani ya ce a kai shi can a ɗaure, amma kada a rubuta farashi, domin mai kaya ba ya fara faɗin kuɗi. Ita kuma ta Legas a rubuta mata albarka. Ikrima ya tsara Turanci sahu biyar mai cike da ladabi. Zailani ya sa aka karanta masa, ya ce a goge, a ce mata kawai an gode, amma ba ta fara magana ba tukuna.

Gaskiya a faɗe ta, makonni ukun da suka biyo baya Zailani ya nuna shi ɗan gado ne. Matar ta dawo da dubu ɗari bakwai, ya ce albarka. Ta ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ya sa aka bar ta kwana biyu ba amsa, sannan aka ce albarka. Ta ce ai na'ura ma ba ta yi masa kuɗi da yawa ba, ya ce to ta je ta saya a hannun na'urar. Ta kai miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Labari ya bazu a gari cewa Zailani yana sayar da iska ga 'yan Legas. Shagon Ikrima ya koma kamar gidan kallon ƙwallo, 'yan acaɓa da mai shayi da masu jiran a buga musu takarda duk suna tsaye bayan la'asar suna jiran a buɗe saƙo. Zailani ya fara zuwa da babbar riga. Kabo kuwa, da ba ta da nisa a babur, bai leƙa ba ko sau ɗaya. In Badi'a ta kira a waya sai ya ce ana nan ana yi, ta kwantar da hankalinta.

Sai matar ta yi shiru.

Kwana ɗaya, kwana uku, kwana biyar. A kara, idan mai saye ya juya baya, Zailani yana karanta ƙeyarsa da takunsa. In yana tafiya a hankali yana gyara hula, zai dawo. In ya kama hanyar masu tsire, ya tafi ke nan. Amma a nan babu ƙeya, babu taku, sai farar fuskar kwamfuta. Karo na farko a rayuwarsa tsoro ya kama shi a kan ciniki. Tuwo ya daina shiga. Ya riƙa tunanin ranar da za a ce Zailani ya yi ta cewa albarka har iska ta koma iska.

Rana ta shida saƙo ya zo: miliyan biyu da dubu ɗari biyu, maganar ƙarshe, kuma a ba ta amsa kafin ƙarfe biyar. Shago ya kaure. Mai shayi ya ce wallahi wannan kuɗin bijimai biyu ne. Wani ya ce Zailani ba mutum ba ne.

Ikrima ya matso ya ce a hankali, "Mu kira Malama Badi'a mu ji."

Waya tana aljihun Zailani, akwai kuɗi a cikinta, kuma ƙarfe huɗu bai yi ba. Ya dubi mutum ashirin da suka zuba masa ido, ya hango kansa yana kiran ƙanwarsa a gabansu yana neman izini. Ya san kuɗin bai kai kason Alhaji Balarabe ba, saura dubu ɗari takwas, amma ya ce wa zuciyarsa ai za a san yadda aka yi.

"Rubuta mata," ya ce da ƙarfi. "Na sallama."

Aka yi tafi. Mai shayi ya ba shi kofi kyauta, da madara.

Bayan kwana biyu yana kara yana duba bakin wani taure, sai ga Ikrima a kan babur, gumi har gemu. Ya ja shi gefe. Daga kasuwar nan da aka ɗaure sunan wani kamfani na ƙasar waje, mai sayen garin zogale, ya taya dala dubu huɗu. Wajen naira miliyan shida ke nan.

"Ba a sa hannu a komai ba," in ji Ikrima. "Matar ba ta turo ko sisi ba, sai Litinin ta ce. Ba mu miƙa mata sunan ba. Ka ga gida ya tsira."

"Na sallama," in ji Zailani.

"A imel ne fa."

"A gaban mutum ashirin na sallama. Ko a cikin rijiya na faɗa, na faɗa."

Da yamma ya hau babur ya tafi Kabo, yana tsara yadda zai faɗa mata. Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma, cikin hijabin da ta fara takaba da shi, tana tsige ganyen zogale a faranti. Suka gaisa, ta tambayi mutanen Kutama ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gyara murya ya ba ta labari tun daga dubu ɗari uku, bai tsallake ko albarka ɗaya ba. Ya faɗi na biyun da ya zo a makare. Ya ƙare da cewa gidansu gidan magana ɗaya ne, ubansu bai taɓa tayar da ciniki ba, shi ma ba zai fara ba, kuma Allah zai kawo mafita a kan sauran.

Badi'a ba ta daina tsigar ganye ba.

"Yaya, da ka sallama, wa ka tambaya?"

"Kamar yaya wa na tambaya?"

"Kayan na wa ne?"

Ya shiga gyara hula.

"Hambali fa," ta ce, "me ya yi kuka kore shi?"

Zailani ya ji kamar an zare masa tabarma yana zaune. Ya ce ai wannan daban, wancan baƙo ne, ita kuwa ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai ta ajiye farantin. "Ni ban sallama ba. Ban ma ji an taya ba sai a bakin wata maƙwabciya da mijinta ke acaɓa a Gwarzo. Ban ce ka karya maganarka ba, Yaya. Maganar ce tun farko ba taka ba ce." Ta nuna bangon gidan da hannu. "Gidan nan da albashin malanta Mahbub ya gina shi, bulo ɗari wannan wata, hamsin wancan. Ba zan kwashi Raliya da Najwa mu koma ɗakin haya don mai shayi ya yi maka tafi ba."

Ya fito bai ko sha ruwan da Najwa ta kawo masa ba. Haushi yake ji, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ta fi shi gaskiya da dokar da shi yake taƙama da ita. A hanya ya yi abin da ya fi iyawa, ya fara ƙera ƙarya. Za a ce matar Legas ce ta janye. Ƙarya ce mai kyau, ba ta da tabo. Sai ya tuna Ikrima ladan ne a masallacin unguwarsu, kuma ba ya iya riƙe ƙarya ko ta minti biyar ba tare da ya fara gumi ba. Ya kuma tuna wani abu da ya fi wannan. Shi duk ƙaryarsa a kan haƙori take da shekaru da yawan haihuwa, kowa ya sani, kowa yana rage rabi. Abin da ya sa ake ba shi igiya shi ne sallamarsa. In aka ji ya sayar wa na biyu ba bayani, an gama da shi a kara har abada. In kuma ya faɗi gaskiya, to ya san hukuncin, domin da bakinsa aka yanke shi.

Ranar kasuwa, saura mako biyar Babbar Sallah, raguna sun fara cika kara, Zailani ya je gindin bishiyar da Sarkin Dillalai yake zama, ya cire hula ya tsuguna. Ya ce ya kawo ƙarar kansa, ya sallama kaya ba da izinin mai shi ba.

Tsohon ya ce, "Wace irin dabba ce?"

"Ba dabba ba ce, ranka ya daɗe. Suna ne a intanet."

"Yana ina?"

"Ba ya ko'ina."

Sarki ya dubi na kusa da shi, ya ce ko dai zafin rana ne. Aka yi masa bayani sau biyu. Ya ce shi dai bai gane kayan ba, amma ya gane laifin. Kafin ya rufe baki Hambali ya ratso taro, ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga yatsa sama, ya maido wa Zailani jawabinsa na wancan lokaci kalma bayan kalma, har da inda ya yi tari. Shekara bakwai yana ajiye da shi. Dillalai suka yi dariya har wani ya saki igiyar ragonsa.

Hukunci bai ɗauki lokaci ba. Ciniki bai ɗauru ba, tunda mai kaya ba ta sallama ba. A sanar da wadda ta saya, a ba ta haƙuri. Zailani kuma wata uku kada a ga ƙafarsa a kara, daidai da na Hambali. Wata ukun nan har da kasuwar Sallah a ciki, wadda ita ce kakar dillali, abin da yake ci shekara da shi. Ya sa hularsa, wannan karon a miƙe, ya fita ta tsakanin raguna yana jin kamar ya yi kuka.

Ya zauna da Ikrima suka rubuta wa matar Legas doguwar takarda. Ya bayyana laifinsa, da dokar kara, da hukuncin da aka yi masa, ya ce in tana so ta ƙara a kan tayin na biyu, ita ce a gaba. Bayan minti goma amsa ta zo, sahu ɗaya: ba komai, dama suna da wani sunan a zuciya, ta gode. Zailani ya sa aka karanta masa sau uku. Wannan ya fi korar yi masa ciwo.

Washegari ya koma Kabo. Ya cire takalmi, ya je gaban tabarmar Badi'a ya tsuguna yadda yake tsuguna wa masu shanu, ya rage murya.

"Mai kaya, an taya dala dubu huɗu."

Ta dube shi. Ta ɗauki wani reshen zogale.

"Albarka," ta ce.

Saura kaɗan ya faɗi zaune. "Badi'a! Gida fa! Saura kwana goma sha biyu ki fita takaba, Alhaji yana ƙirga kwanaki!"

"Wanda ya taya huɗu a bugun farko yana da biyar a aljihu. Baba ya faɗa maka haka a zaure, ina bayan ƙofa ina ji. Ka je ka faɗa musu."

Ya je ya faɗa. Kwana uku ba amsa, kwana uku Zailani yana zarya tsakanin shagon Ikrima da masallaci, ba shi da ko kara da zai je ya rage zafi. Rana ta huɗu suka ce dubu biyar. Ya sake hawa babur, ya sake cire takalmi, ya sake tsugunawa. Ta bar shi a tsugune har sai da ta gama tsige reshen da ke hannunta.

"Na sallama," ta ce. "Allah ya sa musu albarka a ciki."

Sauran aikin Ikrima ne. Wani kamfani ya riƙe kuɗin a tsakani har aka miƙa sunan, sannan ya saki, ya cire nasa. Zailani ya ce wannan ai dillali ne, sai dai bai san daɗin aikin ba tunda ba ya rantsuwa. Aka ba Alhaji Balarabe miliyan ukunsa saura kwana biyu wa'adi. Da ya ji abin da iska ta kawo, ya je wurin malamin rabon gado a asirce ya tambaya ko ana iya janye yafiya. Malam ya nuna masa sa hannunsa.

Ranar da Badi'a ta fita takaba ta aika aka kira yayanta. Ta sa atamfa, ta yi lalle, gida cike da mata. Ta ja shi bayan gida, wurin ragowar zogalen Mahbub, ta miƙa masa ambulan ta ce la'adarsa ce. Ya ce haba, tsakaninsu. Ta ce dillali ba ya aikin banza. Ya buɗe ya ƙirga, don hannunsa ba ya iya riƙe kuɗi bai ƙirga ba. La'ada ce mai kauri, za ta yi ragon layya ta riƙe gida har a buɗe masa kara. Amma bisa ƙa'ida da saura. Ya sake ƙirgawa.

"Dubu saba'in babu," ya ce.

"Na cire kuɗin Kyalla. A farashin yau."

"Wa ya yi mata kuɗi?"

"Mai ita."

Ya buɗe baki zai ce ai ƙaramar akuya ce, ramammiya, ba ta kai haka ba. Sai ya tuna shekara arba'in yana ba mutane labarin babu irinta a ƙasar Gwarzo. Ya rufe bakin. Ya tsaya yana kallon matar nan mai furfura a gefen ɗankwali, ya ga yarinyar da ta dawo da allo a hannu ta tarar da turke wayam. Kunya ta kama shi, irin wadda ko a gaban Hambali bai ji ba.

"Ban tambaye ki ba," ya ce.

"Ba ka tambaye ni ba."

"Ki yafe min."

"Na yafe," in ji Badi'a. "Amma kuɗin ba zan mayar ba."

Bayan wata uku ya koma kara. Har yanzu tunkiyarsa haihuwarta ɗaya tak, har yanzu ragunansa suna shan ruwa da sassafe. In aka zauna hira yana ba da labarin cinikinsa na farko kamar da, sai dai yanzu yana farawa da cewa akuyar ta ƙanwarsa ce, kuma ya biya.